Mai Saye Ake Yi Wa Gyara

Tunda Remi mai aski ya ɗauki labarina yana rabawa kyauta ga duk wanda ya zauna a kujerarsa, har da ƙarin gishiri, ya zama dole in ɗauki biro in faɗi yadda abin ya faru. Ni ne Gregory, wanda mutanen Samaru ke kira Baban Kevin, tsohon mai kula da sito da ya yi ritaya da mutuncinsa, mai gashin bakin da ɗalibai kan tsayar da shi a titi su roƙi ɗaukar hoto. An zalunce ni, kuma waɗanda suka zalunce ni har yau suna gaishe ni da fara'a.

Abin ya samo asali daga wani sabon gidan abinci da aka buɗe a bakin titin Samaru, irin wanda ake sa wa shinkafa sunan Turanci a ninka kuɗinta. Na ci, na biya. Mai kawo abincin ya dawo min da canji a kan faranti, ya ajiye, ya tsaya a kaina yana murmushi. Na kwashe kuɗina tsaf. Bai tafi ba. Na duba gaban rigata ko miya ta zuba, ban ga komai ba.

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, Dadi. Na ce ko akwai ɗan tukwici."

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

"To tukwici ɗan aike ake ba wa, in ya kawo kyauta. Kai daga kicin ka taho, abin da ka kawo kuma ni na saya da kuɗina."

Na fito ina tafiya ina tunani, kuma ni in na yi tunani ba na yin ƙarami. Tun ina yaro a ƙasar nan, mai saye ake yi wa gyara. Ka sayi tumatir, a ɗora maka biyu a kai. Ka sayi ƙosai, a jefa maka ɗaya. Matar da ta taso daga Shika da kwando a ka, ita ke ƙara min. Amma ƙato mai takalmi mai sheƙi, wanda ya ɗan taka da faranti daga nan zuwa can, wai ni zan ƙara masa. An juya al'ada an kifa ta, kuma babu wanda ya lura sai ni. Nan take na yanke shawara: daga yau ba mai ganin canjina, kuma duk wanda ya yi min aiki na biya shi, sai ya yi min gyara.

Na sanar da wannan a bencin mai shayi washegari da safe. Maƙwabcina Augustine, tsohon malamin firamare wanda bai taɓa ganin dabara mai kyau ya bar ta ta wuce lafiya ba, ya ajiye kofinsa.

"Baban Kevin, ba ranar Asabar ɗin nan Sista Clara za ta ba ka amsa ba?"

A nan sai in yi bayani. Matata ta rasu da daɗewa, yara sun watse. Sista Clara kuwa tsohuwar nas ce, mijinta ya rasu, tana zaune a Hanwa, ita ke bayar da waƙa a zumuntar mata. In ta ɗaga murya a coci har fankar sama kan rage gudu ta saurara. Na daɗe ina kai mata lemo da gwanda ina kewaye-kewaye, har ranar da na fito fili na ce aure nake nema. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce mu haɗu Asabar da rana a gidan abincin Madam Kosi a Sabon Gari, a can zan ji amsa. Ban san abin da za ta ce ba. Tun ranar ban ci tuwo ya zauna min daidai ba.

Augustine ya ce, "Ka ajiye wannan yaƙin sai bayan Asabar. Ka je ka ci abinci kamar mutum, ka bar wa yarinyar da ta kawo abincin canji, Clara ta ga hannunka a buɗe yake."

Na ce, "Malam, shi ya sa har ka yi ritaya ba a ba ka hedimasta ba. Mace mai hankali namiji mai aƙida take so. Ranar Asabar zan shiga wurin nan a matsayin mutumin da ya gyara Zariya."

Da farko abin ya tafi kamar an shafa masa mai. Mai shayi ya yi dariya ya ƙara min madara. Mai tsire ya ƙara min albasa. Mai wankin takalmi ya goge min har da bel. Na soma tafiya da hannu ɗaya a baya. Duk shagon da na shiga sai na yi ɗan wa'azi kafin in fita, kuma na lura mutane na kiran juna su zo su ji.

Ranar Alhamis na kai wa Eric mai wanki farar shaddata, wadda ba na sa ta sai ranar Kirsimeti da ranar jana'izar manya. Na biya shi kuɗin wanki da guga cif.

Ya juya kuɗin a hannu ya ce, "Baba, da kakan ce in riƙe canjin."

"Da ke nan. Yanzu kai za ka yi min gyara."

"Gyara a wanki? In wanke maka wata rigar kyauta?"

"Kai ka san sana'arka. Mai tumatir ba ta tambayata me za ta ƙara."

Ya ce to, ya ji.

Asabar da safe na je karɓa. Eric bai miƙo min rigar a leda ba. Ya shiga ciki ya fito da ita a rungume, ya jingina ta da bango, ta tsaya da kanta. Na ƙwanƙwasa ƙirjinta, ta amsa kamar ƙofar kwano.

"Mene ne wannan?"

"Sitaci, Baba. Shi ne abin da nake da shi da zan iya ƙarawa. Na mutum huɗu na zuba maka. Ban taɓa yi wa kowa irin wannan alherin ba."

Ban ba shi damar ganin fushina ba. Na ce madalla, haka ake so. Na ɗauki rigar a kafaɗa kamar mai kai allon talla, na nufi shagon Remi, don ba a zuwa wajen mace da ƙeya a cunkushe.

Remi ya daɗe yana min aski. Ya san kaina fiye da hulata. Ya yi aikinsa tsaf, ya kakkaɓe min wuya, ya nuna min ƙeya a madubi. Na biya. Ya tsaya. Ni ma na tsaya.

Ya ce, "Baba, na ji labari. Na ɗauka ban da ni."

"Doka ba ta da ɗan gida, Remi."

"Ka san shagon nan ba nawa ba ne. Kuɗin askin nan rabawa muke da mai shago. Ɗan abin da kuke bari shi ne nawa ni kaɗai."

"Sai ka je ka yi rigima da mai shago. Ni ban ɗauke ka aiki ba, balle in cika maka albashi. Gyarata nake jira."

Mutanen da ke jiran layi suka gyara zama. Remi ya kalle ni, ya kalli kilifa, ya ce, "Koma ka zauna, Baba."

Na koma ina yi wa 'yan layi kallon ku koyi darasi. Ya ɗora min tawul mai ɗumi a ido. Na ji daɗi har na fara tsara kalmomin da zan faɗa wa Clara. Na ji kilifa ta tashi, na ji ta sauka a gefen hagu na leɓena, ta yi tafiya ɗaya mai santsi. Kafin ƙwaƙwalwata ta fassara abin da fatata ta ji, aka ɗauke wuta. Kilifa ta yi shiru.

Na cire tawul na dubi madubi. Daga dama, Gregory ne da kowa ya sani. Daga hagu, wani yaro ne da ban gani ba tun zamanin soja.

"Remi. Me ka yi?"

"Gyara, Baba. Aski nake sayarwa, aski na ƙara. Na duba kanka kaf, nan ne kaɗai gashi ya rage."

Wani daga cikin 'yan layi ya fita waje da gudu, na ji shi yana tari a bakin kwata.

Na ce, "Tayar da janareta."

"Babu mai. Da ɗan canjin da mutane ke bari nake sayen mai. Satin nan kuwa tun da ka fara wa'azi, mutum uku sun tuba sun bi ka."

"To kawo reza."

"Akwai. Amma wannan sabon aski ne, sai an biya. Gyara ta ƙare inda wuta ta ƙare."

Ku yi min adalci. In na biya, na karya dokata a gaban shaidu. Ban da haka, da na sake duban ɓangaren da ya tsira, ya yi baƙi, ya murɗe a ƙarshe kamar yadda na horar da shi shekara da shekaru, sai na ji ba zan iya sa hannu a kashe shi ba. Bai yi laifin komai ba. Na tashi na ce wa Remi za mu haɗu. Ya ce Allah ya kai mu, in gaida Sista.

A gida na tono wani takunkumi da ya rage tun zamanin korona na ɗaura. Dabara ta zo min nan take, don ni ba na rasa dabara: zan zauna a hagun Clara, in ba ta ɓangaren dama, in ci abinci ina kallon gaba kamar hoton da ke jikin kuɗi. Shiga rigar ce ta ɗauki lokaci. Sai da Augustine ya hau kujera ya riƙe ta a sama na shiga ta ƙasa. Kallon da ya yi min ya fi zagi ciwo.

A bakin titi na tare napep, keken nan mai ƙafa uku, na ɗauke ta shata, don rigar ba ta lanƙwasa balle wani ya samu wurin zama. Na shiga a karkace, kai a kusurwa ɗaya, ƙafa a ɗaya, kamar an ɗauko katako. Wannan karon na yi niyyar yin shiru da maganar gyara, ba don na karaya ba, sai don ina sauri. Muna wuce Kwangila direban ya dube ni ta madubi.

"Baba, ba kai ne na gyara ba?"

Ku gane halin da nake ciki. Suna ya riga ni zuwa Kwangila. Mutum bai ga fuskata ba ma ya gane ni. Na ce ni ne.

"Sunana Tanimu. Tun jiya ake labarinka a tasha. Wai ka ce haramun ne a ce wa direba ya riƙe canji."

"Ban ce haramun ba. Na ce an kifa al'ada."

"Ni dai sai na cika wa mai keken nan balas kafin in ga na cefane. Wanda ya ce riƙe canjin, shi ya saya wa yarana biredi."

"Mai keke ya rage balas mana. Don me fasinja zai ɗauki nauyin zaluncin wani?"

"Wallahi da gaskiyarka, Baba. Ka zo ka faɗa masa."

Na ji daɗin yadda ya karɓi magana, na buɗe masa babi na biyu. Ina cikin bayanin mai ƙosai na hango allon gidan abincin Madam Kosi ya zo ya wuce ta gefen ƙafata.

"Tsaya, mun iso."

"Na sani, Baba. Nan kuɗinka ya ƙare. Yanzu gyara muke ciki."

"Ban nema ba."

"Haba, babban mutum kamarka sai ya nema? Tafiya nake sayarwa, tafiya zan ƙara."

Na yi ƙoƙarin tashi zaune, rigar ta ƙi. Haka ina kwance ina kallon rufin keke muka bar Sabon Gari, muka haye gada, sai da muka shiga Tudun Wada ya taka birki. Ya zagayo ya jawo ni ta ƙafa ya tsayar da ni a gefen titi da ladabi.

Na ce, "Mayar da ni."

"Komawa sabuwar tafiya ce, Baba. In ka biya, ita ma da gyararta. Sai dai ban san inda za ta kai mu ba."

Na taka da ƙafa. A kan gada hadarin da ke ta kai-kawo tun safe ya ga dama ya sako yayyafi. Da farko na yi murna, don rigar ta fara laushi har na iya lanƙwasa gwiwa. Ashe sitacin mutum huɗu in ya sha ruwa koko yake komawa. Rigar ta manne min a baya, hannuwa suka manne da haƙarƙari. Na yanke ta cikin kasuwa don in rage hanya, na bi ta layin masu fige kaji, iska kuma ta taso. Ba zan tsawaita ba. Na fito ɗaya ƙarshen layin wata mata ta ja ɗanta gefe.

Gidan abincin Madam Kosi cike yake, kamar kowace Asabar. Clara na zaune a tsakiya, cikin leshi ruwan goro, jakarta a cinya, lemon kwalbarta ya kusa ƙarewa. Ta dube ni daga hula har takalmi.

"Baban Kevin, mura kake yi ko fashi za ka?"

"Rigakafi ne, Sista. Ke nas ce, kin sani."

"Gashin kajin fa?"

"Ado ne na damina."

Na ja kujerar roba na zauna a hagunta, na miƙar da wuya ina kallon bango. Mai kawo abinci ta zo, wata mata mai suna Somto, wadda ta daɗe a gidan har ta san abin da kowa ke ci. Na yi odar farfesun tarwaɗa biyu da sakwara. Ta ɗauki oda, ba ta tafi ba.

"Oga Gregory, naka na kowa da kowa, ko da gyara?"

Cokula suka tsaya a teburan kusa. Ashe labari ya haye har nan. Clara ta juyo. "Wace gyara?"

Da ina da niyyar ja da baya, nan ne wurin. Amma an tambaye ni a gaban matar da nake nema, kuma ɗaki guda na saurare. Na ce, "Da gyara, 'yata. Kuma ki sani tun yanzu, canjina nawa ne."

Somto ta ce, "Ba damuwa. Sai dai kifin na Madam ne, a ƙirge yake, in na ƙara daga albashina za a cire. Mai tumatir ɗinka tumatir ɗinta ne. Ni nan ƙafafuna kaɗai ne nawa."

"To Madam ta biya ƙafafun da kyau. Don me za a sa ki tsaya kina yi wa baƙo murmushi kamar mai roƙo, alhali aiki kika yi?"

Madam Kosi ta amsa daga bayan teburin karɓar kuɗi ba tare da ta ɗago daga wayarta ba. "In na ƙara albashi zan ƙara kuɗin farfesu. Kai ne za ka fara kuka, Oga Gregory. Na san ka."

"Gara in yi kuka a kan farashin da aka rubuta, da a riƙa tatsata da murmushi."

Wani mai cin eba, tuwon garin rogo, a kusurwa ya ce wannan magana ce. Na ji kaina ya ƙara girma. Somto ta ce za ta duba abin da ba a ƙirgawa a kicin.

Farfesu ya iso. Na Clara ruwan ƙasa-ƙasa, nawa ja kamar fentin ƙofar coci. Na gane abin da ba a ƙirgawa. Na zare takunkumi ta gefe da dabara, na ci gaba da kallon bango, na kai cokali na farko. Na haɗiye. Na biyu ma na haɗiye, hawaye na bin kumatun dama cikin mutunci.

Clara ta ce, "Me ke jikin bangon nan da ya fi ni kyau?"

"Ina nazarin kalanda."

"Ta bara ce."

A cokali na uku attaruhu ya bi ta inda iska ke bi. Atishawar da na yi ta juya min kai gaba ɗaya, ta ajiye fuskata a gaban Clara da sauran jama'a, hagu da dama, ba ɓoye-ɓoye.

Sai mai ebar nan, wanda ɗazu yake bayana, ya ce, "Oga, ɗayan yana hanya ne?"

Ban taɓa sanin Clara na da irin wannan dariyar ba. Ta cire tabarau, ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Madam Kosi ta ajiye waya. Masu wanke-wanke suka leƙo ta taga da kumfa a hannu. Na ga in ban karɓi filin nan ba ya tafi ke nan, sai na miƙe don in yi jawabi. Kujerar ta biyo ni rabin hanya kafin ta sake ni da wata ƙara da ban so ba.

Na ce, "Jama'a, ku yi dariya. Duk wanda ya kawo gyara a ƙasa sai an yi masa dariya. Abin da kuke gani a jikina shaida ce cewa tsarina yana aiki. Tun safe ba wanda ya ci canjina, kuma ba wanda ya hana ni gyara."

Clara ta goge ido ta mayar da tabarau. Muryarta ta dawo irin ta nas mai shirin yin allura.

"Zauna, Baban Kevin. Ina so in fahimta. Wato duk abin da mutum ya ɗauka, sai an ɗora masa wani abu a kai?"

"Haka iyayenmu suka yi."

"In abin da aka ɗora ya yi masa yawa fa? Yana iya mayarwa?"

"Ba a mayar da gyara, Sista. Cin fuska ne. Kin ga na mayar da farfesun nan?"

"Ban gani ba. Madam, kin ji shi? Somto, kin ji?"

Suka ce sun ji. Mai eba ya ce shi ma shaida ne.

"To na yarda. Zan aure ka."

Na ji attaruhun ya koma zuma. Na buɗe baki in yi godiya, ta ɗaga yatsa.

"Ga gyararka. Mama, uwar marigayi mijina, tare muke, ba ta da kowa sai ni, kuma ba ta cin tuwon da ya kwana. Jikokina biyu na wajen 'yata Sarah suna hannuna har uwarsu ta gama karatu. Ga talo-talo shida. Gidan Hanwa zan sa 'yan haya, duk mu taho Samaru. Na daɗe ina tunanin yadda zan faɗa maka, ina tsoron ka gudu. Ashe kai mai aƙida ne."

Na dubi ƙofa. Madam Kosi na tsaye a bakinta, ban san lokacin da ta isa can ba. Na dubi Clara, tana murmushi, amma na ga hannunta ya damƙe jakar nan da ƙarfi. Da gaske take tsoron.

Na ce, "Talo-talon, maza ne ko mata?"

"Akwai namiji ɗaya. Ba ya son maza."

"A kawo su."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Somto ta kawo canji a faranti ta ajiye. Na miƙa hannu, Clara ta ɗora nata a kan nawa, a hankali, ta mayar min da shi cinyata. Shi ne karo na farko da ta riƙe min hannu, don haka ban yi gardama ba. Remi yana cewa wai na sallama aƙidata a wurin. Ƙarya ne. Hannuna ne ba ya kusa.

An ɗaura aure bayan girbi. Yanzu ɗakin da nake ajiye rediyo da jaridu na Mama ne, falo na jikoki ne, tsakar gida kuma ta namijin talo-talon ce, sai da izininsa nake zuwa famfo. A baranda nake rubuta wannan.

Ni ke kai wa Mama ruwan wanka kowace safiya, don ta ce na Clara ba ya yin zafi yadda take so. Jiya na ajiye mata bokiti a bayi, na juyo, ta kira ni. Ta kwance bakin zaninta ta ciro wata tsohuwar takardar kuɗi da ta sha ninki, ta danna min a tafin hannu ta ce, "Ungo, yaron kirki, ka sha ruwa."

Na karɓa. Kuma ina so duk wanda ya san Mama ya gaya mata cikin hikima cewa bokitin nan ƙarfe ne, famfon yana da nisa, akwai talo-talo a hanya. Abin da ta bayar bai kai ba.